Ɗamarar da Ke Ƙarƙashin Rigata

Da sunan Allah nake ɗaukar alƙalami, Shi da ya rufa mini asiri tun ina da ƙarfina har gemuna ya yi fari. Wannan babi saboda ku na rubuta shi, 'ya'yana, a kan ɗamarar fatar nan da kuka taso kuka ga ina ɗaurawa a ƙarƙashin riga. Na san abin da ake faɗa. An ce guru ne, an ce layu ne aka ɗinke a ciki, har akwai shekarar da wani baƙo ya hango ta ina alwala a ƙofar masallacin unguwa, ya ja da baya ya yi sallarsa shi kaɗai. Ban ce masa komai ba. Ku ma ban taɓa ce muku ba, domin wurin da ɗamarar take tsarewa wuri ne da uba ba ya son ambata a gaban ɗansa. Amma na ga kunyar da nake ji ta fara zama zargi a kanku, kuma takarda ba za ta dube ni ido da ido ba, saboda haka ga yadda abin ya kasance.

A shekarar da uwarku take da cikin babbanku, mahaifina ya tura ni daga Gwandu zuwa Kalgo, wurin Kawu Dikko, ƙanen mahaifiyata. Limamin unguwarsu ya tsufa, suna neman wanda zai riƙa ja musu salla. Lokacin Nasara ba su daɗe da zama a ƙasar ba, amma mutanen Kalgo abin da ya dame su ruwa ne da shinkafa da kifi. Ni kuwa na ɗan wuce shekara ashirin, na sauke, na shiga littattafai, kuma ina ganin kaina ƙwarai. Cikin ayyukan da suka hau kaina har da yanka. A ranar kasuwa mahauta ba su sa wuƙa da hannunsu, sai su kira malami ya yanka, su kuma su yi fiɗa. Nakan je mayanka da safe, in tattare rigata har gwiwa, in yanka, in wanke hannu, in juya. Ban taɓa tsayawa na ga abin da ke cikin dabba ba. A gidanmu haka aka tashe mu, mu ci naman mahauci amma kada mu zauna a tabarmarsa. Akwai ɗaya daga cikinsu, Arzika, gajere mai faɗin ƙirji, dattijo ne amma bakinsa ba ya hutawa. Shi ya sa mini Malam Ƙarami. Yakan ce idan na tattare riga ina ɗaga ƙafa cikin jini sai ka ce zalɓe a bakin gulbi. Yana faɗa ana dariya, ni kuma ina haɗe rai.

Da aka gama yankan shinkafa, Kawu ya gina sabon rumbu, ya kira gayya don a ɗora masa jinka. An saƙa jinkar a ƙasa, babba ce, ga ciyawar ba ta gama bushewa ba. Samarin unguwa suka kewaye ta. Na zo na tsaya a gefe ina kallo, sai ɗaya daga cikinsu ya juyo.

"Malam, koma inuwa ka yi muna addu'a. Hannun alƙalami ba shi ɗaukar jinka."

Ba da mugunta ya faɗa ba. Amma uwarku tana leƙowa ta kan danga, ni kuma na san tana leƙowa. Na tuɓe riga, na ture mutum biyu, na kama gefen da suke riƙe da shi ni kaɗai. Aka ce a ɗaga, muka ɗaga. Da ta kai kafaɗa na riƙe numfashi na yunƙura don ta wuce kai, sai na ji wani abu ya ba da kai a ƙasan marata ta dama, kamar yadda tsohon zane ke yagewa a hankali idan an ja shi. Ba zafi mai tsanani ba ne. Jinka ta hau, aka yi ta yaba mini, na sha fura da kowa. Da na kewaya bayan gida sai na ga kumburi kamar ƙwan kaza a inda ciki ya haɗu da cinya.

Na ɓoye shi kusan wata guda. Da safe idan na tashi ba na ganinsa, sai in ce Allah ya yaye. Kafin azahar ya dawo, yana ja mini ciki kamar an rataya mini dutse. Uwarku ce ta gane, kuma ba da ido ta gane ba, da kunne. Ɗakinmu yana jikin masallaci. Ta ce da can ina jan aya mai tsawo da numfashi ɗaya, yanzu ina yanke ta biyu, kuma idan na taso daga sujada kabbarata tana fita kamar ta mai ɗauke da kaya. Ta tambaye ni, na ce ba komai. Ta faɗa wa matar Kawu, Kawu ya tsare ni, ya kuma aika Gwandu ba da sanina ba. Bayan kwana biyar sai ga mahaifina a kan jaki, tare da Bawa, wanzamin gidanmu.

Ku ba ku san Bawa ba. Shi ya aske ni ranar suna, shi ya cire mini beli, shi ya yi mini kaciya, kamar yadda ubansa ya yi wa ubana. Idan ya rataya zabirarsa ya shigo gidanmu, ko mahaifina yakan gyara zama. Ya sa ni a zaure, a tsaye, ya duba kumburin, ya latsa. Sai ya ce in nuna masa ƙafata. A tafin ƙafar dama kuwa akwai miki, inda kututturen shinkafa ya soke ni a fadama, bai gama warkewa ba. Bawa ya gyaɗa kai. Ya ce abin a fili yake: miki a ƙafa, kumburi a matsematsi, kaluluwa ce, ta nuna ta tara mugunya, shi ya sa ta yi laushi. Maganinta sakiya. A gasa kan kibiya a wuta har ya yi ja, a huda, ruwan ya fita, a ɗaure, kwana bakwai in tashi. Kowa a zauren ya taɓa ganin an yi haka an warke. Ni ma na taɓa gani. Aka sa gobe da hantsi.

Gobe kuwa ranar kasuwa ce. Na ce bari in sauke nauyin yanka tun da safe, tunda zan kwanta. Na je mayanka ina dafe da gefena. Akuya uku na yanka. A ta ukun, ina sunkuye, hayaƙin masu babbake ƙafafu ya shiga mini maƙogwaro na yi tari, sai ga ni na saki wuƙa na cafke marata da hannu biyu. Arzika yana riƙe da ƙafafun akuyar. Ya dube ni, kuma wannan karon bai yi dariya ba. Ya ce ya ji Wanzamin Gwandu ya sauka gidan Dikko, wai za a yi wa wani sakiya. Na ce ni ne. Ya tambaye ni ko kumburin yana ƙaruwa idan na yi tari, na ce yana yi. Ya tambaya ko yana nan idan na tashi da asuba, na ce ba ya nan. Ya goge wuƙarsa a cinyar wandonsa.

"Malam Ƙarami, yau kak ka wanke hannu ka tahi. Tsaya ka ga abu guda."

Ban san abin da ya tsayar da ni ba, sai dai in ce Allah. Ya feɗe akuyar, ya ajiye fatar gefe, amma bai farke cikin ba kamar yadda suka saba. Ya ce in matso. Ya nuna mini wani farin layi da ya taso daga ƙirji ya sauka har mara, ya ce nan suke bi da wuƙa domin babu jini sosai, jijiya ce zalla, a nan naman dama da na hagu suke haɗuwa. A gefensa biyu akwai tsoka doguwa, ɗaya dama ɗaya hagu, miƙe kamar maɗauri. Sai ya koma kwiɓi, ya sa bakin wuƙa a hankali ya ɗaga wani falle na nama, siriri kamar ganye. Zarensa ya karkata gefe ɗaya. Ya ɗaga na biyu a ƙarƙashinsa, zarensa ya karkata ɗaya gefen, ya gitta na farko. Na uku kuma ya kewaye cikin kamar ɗamara. A bayansu sai wani tantani mai sheƙi, ana hango hanji yana kwance a ciki. Ya ce in duba da kyau, ƙirji yana da haƙarƙari, baya yana da ƙashi, amma ciki ba shi da ƙashi ko ɗaya, wannan saƙar ce kaɗai katangarsa. Da ita ake tari, da ita ake dariya, da ita ake nishi a bayan gida, da ita mace ke turo ɗa, da ita ake ɗaga kaya. Ya ce ko karatun da nake ja da ita nake matso shi. Sannan ya sa yatsa can ƙasa kusa da cinya, ya ce a namiji akwai 'yar ƙofa a nan inda jijiyoyi ke ratsawa su sauka, saƙar ba ta da kauri a wurin.

Ya ba ni labarin wata tunkiya da sa ya taɓa kai wa ƙaho. Fatar ba ta tsage ba, amma gefen cikinta ya kumbura kamar ƙwarya. Mai ita ya ɗauka ƙurji ne, ya huda. Abin da ya fito ba mugunya ba ce. Da aka kawo ta mayanka aka feɗe, sai ga saƙar ta yage daga ciki, hanji ya biyo ta yagar ya zauna a ƙarƙashin fata.

"Ni ban san littahi ba," in ji shi. "Amma kaluluwa ba ta jin tari, kuma ba ta komawa gida ta kwana. Kwanta in gani."

Babu wurin kwanciya sai wata busasshiyar fatar sa a bayan rumfarsu. Ni da ban taɓa yarda bakin rigata ya taɓa ƙasar wurin ba, na kwanta rigingine a kanta, ƙudaje suna bina. Ya sa abokan aikinsa suka juya baya. Ya ce in tanƙwara gwiwa, in saki ciki, in sa tafin hannuna in tura a hankali zuwa sama. Na tura. Sai na ji ƙulululu, kamar ruwa na shiga gora, kumburin ya shige. Ya ce in bar yatsana a wurin in yi tari. Na yi, na ji abu ya bugo yatsana daga ciki yana neman hanya. Nan take na tuna kibiya tana jirana.

Da na isa gida an riga an hura wuta a tsakar zaure. Kan kibiyar yana ciki ya fara ja. Mahaifina yana kan buzunsa da tasbaha, Kawu yana gefe, an kira ƙarti biyu da za su danne ni. Arzika ya biyo ni amma ya tsaya a waje, bai shigo ba. Tun da aka haife ni ban taɓa ce wa mahaifina a'a ba. Na durƙusa na ce ina neman gafara, ba za a yi mini sakiya ba. Na faɗi abin da na gani a mayanka. Ina magana ina jin yadda take fita, ɗan malami yana karanta wa ubansa darasin da ya ɗauko daga cikin akuya. Mahaifina ya bari na gama. Bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗagawa ba.

"Na yi tahiyar kwana biyu da tsohon da ya yi maka kaciya, don mahauci ya koya mai aiki? Kai akuya ne?"

Na ce ni ba akuya ba ne, amma wanda ya saƙa cikinta Shi ya saƙa nawa. Wannan maganar ita ce ta fi yi masa zafi, na gani a fuskarsa, domin a gaban mutane na faɗe ta. Ya ce tsoron wuta ne kawai nake yi wa rawani. Ya ce ko in kwanta a yi abin da aka zo yi, ko ya tashi. Ƙartin nan biyu suka dubi Kawu, Kawu ya dubi ƙasa.

Bawa ne ya motsa. Duk wannan magana da ake yi, yana juya kibiya a wuta. Ya ce in kwanta, ba don sakiya ba. Tafiyar da na yi daga kasuwa ta riga ta sake fito da kumburin. Jiya a tsaye ya duba ni, yau ya duba ni a kwance. Ya sa hannunsa ya tura, abin ya shige da wannan ƙarar, kowa a zauren ya ji. Ya ce in yi tari. Ya daɗe da yatsunsa a wurin. Sannan ya miƙe, ya zaro kibiyar daga wuta, ya tsoma ta cikin kaskon ruwa. Ta yi cuu, hayaƙi ya tashi.

"Allah shi gafarta Malam," ya ce wa mahaifina, "da ƙuruciyata na yi ma wani manomi sakiya a irin wanga wuri. Kwana ukku ya yi, cikinai ya kumbura, ya rasu. Shekara talatin ina cewa ajali ne. Ajalin ne. Amma yau na san ta ƙofar da ya shigo."

Ya leƙa waje ya ce wa Arzika ya shigo. Arzika ya tuɓe takalmi ya tsuguna a bakin ƙofa. Tsofaffin nan biyu suka yi ta shawara a kaina kamar ba na wurin. Yagar ba ta ɗinkuwa, in ji su, sai dai a tare ta. Suka kira baduku ya auna ƙuguna da igiya. Ya yanko fata mai faɗin tafin hannu, ya yi mata maɗauri, da wani siririn da ke bi ta ƙarƙashin cinya. A daidai wurin aka sa sakaina da aka goge bakinta, aka lulluɓe ta da auduga, uwarku ta ɗinke da hannunta. Arzika ya kafa mini sharuɗɗa: in ɗaura ta ina kwance bayan na mayar da abin, kada in ɗaga abin da ya fi buta nauyi, kada in bar cikina ya bushe har in yi nishi, idan zan yi tari in dafe. Ya ce ranar da kumburin ya fito ya ƙi komawa, ga amai, to ranar babu wasa. Allah bai nuna mini wannan ranar ba.

Mahaifina kuwa ya tashi kamar yadda ya ce. Ko azahar bai jira ba, ya sa aka ɗaura wa jaki akumari, ya fita bai yi mini sallama ba. Da aka haifi babbanku na aika, bai zo ba, bai aiko da suna ba. Kawu ne ya raɗa masa. Na rubuta takarda uku, ba amsa. Kada ku ga laifinsa. Ɗansa ya ƙi umarninsa a gaban surukai, ya fifita maganar mutumin da shi ba zai ba hannu ba. Na san nauyin abin da na yi, kuma watannin nan sun fi mini kumburin ciwo.

Ana saura kwana kaɗan watan Layya ya fita, sai ga wani falke daga Gwandu da ƙunshi. Mahaifiyata ce ta ba ni labarin daga baya. Ta ce ranar Salla mahaifina ya yanka ragonsa, ya wanke hannu, ya juya zai shiga gida kamar kullum, sai ya tsaya. Ya dawo ya tsuguna kusa da mai fiɗa, ya ce kada ya farke cikin tukuna. Ya sa aka ɗaga masa fallen naman nan ɗaya bayan ɗaya, yana bin zarensu da yatsa, yana tasbihi a hankali. Ya tambaya ina ƙofar take, aka nuna masa. Ya daɗe a tsugune har mata suka fara tambayar ko lafiya. A cikin ƙunshin akwai fatar ragon, an shanya ta, da 'yar takarda da rubutun hannunsa, layi biyu. Ya ce a kai wa Arzika mahauci, kyauta ce daga gare shi, kuma a gaishe shi. A ƙasa ya ƙara cewa in kawo masa yaron ya gani idan hanya ta yi kyau, amma kada in ɗauke shi da kaina.

Na kai wa Arzika fatar a mayanka. Ya juya ta, ya shinshina, ya ce mai fiɗar Gwandu ya huda ta wuri biyu, da shi ne da ba haka ba. Sannan ya juya baya ya daɗe yana gyaran wuƙar da ba ta bukatar gyara. Ya ba majemi ya jeme ta, ya sa aka yi mini ɗamara ta biyu da ita, don in sami ta canji. Daga nan ne fatar Layyar gidanmu take tafiya Kalgo kowace shekara. Kun sha tambayata dalilin da muke aika fata gidan mahauta, su da fata ta yi musu yawa. To ga dalilin.

Abin ya ci mini wasu abubuwa, ba zan ɓoye ba. Ban sake riƙe garma ba. Babu ɗaya daga cikinku da na taɓa cillawa sama ina yi masa wasa, kuma na san akwai wanda ya ɗauka rashin so ne. Ranar da mahaifina ya rasu, ƙannena suka ɗauki makara, ni babba ina biye da hannuna a gefe, na ji wasu suna cewa tsohon fushi ne bai huce ba. Ba fushi ba ne. Shi da bakinsa ya hana ni, yana kwance, ya ce idan na kuskura na sa kafaɗa bai yafe ba. Yanzu kuna cewa likitoci suna ɗinke irin wannan yagar, kuna so ku kai ni. Na yarda suna yi, kuma duk wanda ya ga irin kumburin nan a jikinsa cikinku kada ya ɓoye wata guda kamar ni, ya je. Ni dai na tsufa da ɗamarata, mun saba. Na ga jikoki, na ja salla shekarun da ban iya ƙirgawa, duk a kan numfashin da kibiya ta kusa yankewa. Allah ya jiƙan Arzika, ya jiƙan Bawa da ya iya tsoma ƙarfensa a ruwa a gaban mutane, ya jiƙan mahaifina da ya tsuguna.

Ga abin da nake so. Ranar da za ku wanke ni, ku kwance ɗamarar a hankali, ɗayanku ya dafe wurin da tafin hannu, kamar yadda na saba. Sannan ku fito da ita zaure, ku sa aska ku farke ɗinkin uwarku a gaban duk wanda ya zo. Su ga abin da ke ciki da idonsu: auduga ce, da guntun ƙwarya. Idan sun gama gani, kada ku jefar. Ku haɗa ta da fatar Layyar shekarar, ku kai Kalgo, ku ce wa jikokin Arzika Malam Ƙarami ya dawo da kayan aro, ya gode.